Murafan Kwalba a Tiren Baba Raphael

Ana tsaka da ruwa Oluoma ta sauko daga keke napep a bakin titin Samaru, rungume da wani baƙin akwati da ta lulluɓe da buhu. Ita ta jiƙe sharkaf, akwatin kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Saurayin da ke cikin shagon gyaran sifika ya ɗago kai, ya dube ta, ya dubi akwatin.

"Wannan jaririn naki ya fi ki gata," in ji shi.

"Ya girme ni, ya girme ka. Amfilifayar babana ce, ta daina ƙara."

Aaron Abarshi sunansa, dogo ne siriri, ɗan wani ƙauye a bayan Giwa. Irin mutanen nan ne da duk abin da ke ransu sai ya fito a fuskarsu kafin bakinsu ya buɗe. Ya miƙo mata tawul ba tare da ya kalle ta ba, kunya ta cika shi, kuma duk ta gani.

"Baba yana kaɗa jita ke nan? Ni ma ina ɗan taɓawa a coci."

"A da," in ji ta.

Bai ƙara tambaya ba, wannan ne ya fara burge ta. Da ya gama gyaran, ya rantse ba za ta ɗauki wannan kaya ita kaɗai zuwa Sabon Gari ba. Ranar Lahadi bayan coci sai ga shi a ƙofar gidansu, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido.

Mahaifinta, Raphael Nwankwo, a Sabon Gari aka haife shi. A ƙuruciyarsa shi ne mai jitar wata ƙungiya da ake kira Kubanni Five, zamanin da kiɗan rok ke tashe a otal-otal, 'yan jami'a na ciko mota daga Samaru don su ji. A shekarun baya aka zo masa da labarin mutuwar mawaƙin ƙungiyarsu, amininsa. Ana gama faɗa ya faɗi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga nan jitar ke rataye a bango. Amfilifayar kuwa kunna ta kawai yake sa a yi, ya zauna yana sauraren gurnaninta.

Abu ɗaya ya rage masa. Duk Lahadi da la'asar ana turo kekensa ƙarƙashin mangwaro, a ɗora masa tire a cinya, a zuba murafan kwalba. Kowane murfi ƙungiya ce ta zamaninsu. Da hannunsa mai lafiya yake jera su, yana shirya babban wasan da ba a taɓa yi ba, wanda zai haɗa su duka a dandamali guda.

"Zauna, mai gyara," ya ce da Aaron. "Wannan jan, Red Signal ce, ta Eniola. Matar nan in ta buɗe murya, mai tsire a waje yana manta wutarsa. Wannan mai tsatsan, Iron Wagon, yaran reluwe. Daberechi ne kan ganguna. Wa zai buɗe?"

Aaron ya yi tunani da gaske, kamar ransa ya dogara da amsar. "Mai ganga, Baba. A tashi mutane tukuna."

"Shirme! Ka sa Daberechi a farko, wa zai iya biyo bayansa?" Tsohon ya buga tiren, amma idonsa na dariya. "Ka dawo sati mai zuwa, wataƙila ka yi hankali."

Wasan yana da dokoki biyu. Kubanni Five ce ke rufewa, wannan ba a musu a kai, don shi da Ify mai jitar bes, jita mai kaurin sauti, suna nan. Ta biyun kuma, matattu ba sa hawa dandamali. Muddin mutum ɗaya na raye a ƙungiya, murfinta na kan tire. Ran da na ƙarshe ya tafi, an cire ke nan.

Aaron ya dawo, ya sake dawowa. Ba don murafa kaɗai ba, kowa a layin ya san haka. Ranakun aiki yakan ratso ta PZ, inda Oluoma ke aiki a kemis, ya sayi maganin ciwon kai alhali kansa ƙalau.

"Injiniya, maganin nan da kake tarawa shago za ka buɗe?"

"Ciwon ne ba ya jin magani, Omata. Sai na gan ki yake sauka." Omata, wato Oma tasa, haka ya taƙaita sunanta.

"Allah ya sawwaƙe. A ƙauyenku haka ake zance?"

"A ƙauyenmu buhun dawa ake kawowa. In kawo?"

Ta yi dariya har mai kemis ya leƙo. Da ya koma Samaru saƙonsa ya shigo:

"Omata, yau na haɗa wayar wani a baibai, sifika ta yi tsawa har maƙwabta suka fito. Ke kika ja. Na faɗa wa mamata sunanki, ta ce in maimaita mata har ta iya."

Ta mayar masa: "Ka gaishe da Mama Liya. Ka ce mata ɗanta bai iya ƙarya ba, abin da nake so ke nan, shi kuma nake tsoro."

Bai gane rabin saƙon na biyu ba, ita kuma ba ta fassara masa ba. Nan ne ta yi kuskure.

Gaskiyar magana, babu mai rai a kan tiren nan sai Baba Raphael. Daberechi ya rasu, Eniola ta bi, Ify ma an daɗe da kai gawarsa gida kudu. Sauran ƙananan murafan duk haka. Likita ya taɓa cewa a guji ba shi labarin tashin hankali, sai Mama Josephine, mahaifiyar Oluoma, ta riƙe wannan magana gam. Duk mai zuwa da labarin mutuwa a bakin ƙofa ake tare shi. Ta sa 'yarta ta yi alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba. Oluoma ta saba da zama duk Lahadi tana murmushi, mahaifinta na gardama da matattu.

Akwai kuma Ayobami, ma'aikacin banki, mai mota da ƙamshin turare. Shi Mama ta zaɓa wa 'yarta, shi kaɗai ta saka cikin sirrin, kuma ya iya rawar fiye da yadda aka koya masa.

"Dadi, na haɗu da Baba Daberechi a Basawa," zai ce yana gyara agogo. "Ya ce in gaishe ka, ƙafa ce ta hana shi zuwa."

"Ɗan banza, ƙafa ko lalaci!" Baba Raphael zai yi ta dariya har da tari.

A kicin Mama ta ce da Oluoma, "Kin ga mutum mai hankali? Wannan dogon naki kuwa, fuskarsa kamar allon talla. Wata rana zai kashe mini miji. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba."

"Mama, bari in faɗa masa gaskiya mana."

"Ki faɗa masa, ki ga in zai iya kallon babanki ido da ido."

Oluoma ta san ba zai iya ba.

Shi kuwa Aaron wani tunani ya shige shi. Tunda Ayobami na haɗuwa da tsofaffin nan, ashe ana iya samunsu. Me zai hana ya tattaro su, ya kafa sifikokinsa a tsakar gida, Baba ya ga wasansa da idonsa sau ɗaya? Bai faɗa wa Oluoma ba, yana so ya ba ta mamaki. Ya rufe shago ya dinga yawo, Basawa, kwatas ɗin reluwe, cocin da Eniola ke zuwa. Ko'ina ya je, amsar ɗaya ce.

A wajen su Aaron ba a aika labarin mutuwa ta waya, ba a kuma fara faɗa wa yara ko mata a gefe. Mutum yakan taka da ƙafarsa, ya cire hula, ya durƙusa gaban babban gida. Haka ya ga ubansa Abarshi na yi tun yana ƙarami. A ransa kuma ya ɗauka Ayobami ne ke yaudarar gidan gaba ɗaya, har da Oluoma. In za a faɗi gaskiya, akwai ɗan kishi a cikin saurin da ya yi.

Ranar Lahadin an jera murafa, amfilifaya na gurnani, Ayobami na zaune da lemo a hannu. Oluoma na fitowa daga ɗaki ta ga Aaron ya cire hula ya durƙusa. Ta buɗe baki, amma ya riga ta.

"Baba, na zo da magana mai nauyi. Baba Daberechi Allah ya yi masa rasuwa. An daɗe. Allah ya ba ka haƙuri."

Tsohon ya juya a hankali ya dubi Ayobami. Ayobami ya dubi kwalbarsa.

"Eniola fa?"

Aaron ya ɗago ya nemi idon Oluoma. Abin da ya gani a fuskarta ya sa ya gane ta sani. Amma an riga an tambaye shi.

"Ita ma, Baba."

"Ify?"

Aaron ya sunkuyar da kai.

Baba Raphael bai yi ihu ba. Ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana kallon 'yar.

"Wa ya je jana'iza daga gidan nan?"

Tiren ya zame daga cinyarsa, murafan suka watse cikin taɓo, kansa ya langaɓe gefe.

Mama Josephine ta kurma ihu, ta cakumi rigar Aaron. "Ka kashe shi! Fita! Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan!"

A barandar asibiti Oluoma ta rubuta masa: "Wa ya aike ka? Me ya sa ba ka tambaye ni ba? In babana ya mutu, kada ka zo mini gaisuwa."

Amsar ta zo can da yamma: "Oluoma, na yi kuskure, ba ni da bakin kare kaina. Na so in tara masa su ne ya ji daɗi. Ban san kin sani ba. Da kin faɗa mini, da na daina zuwa Lahadi, don ba zan iya zama in yi dariya ba. Ina bakin get ɗin asibiti, ba zan shigo ba. In ana neman jini, nawa na nan."

Ta karanta ta kife wayar. Tana jin haushinsa, tana kewarsa, ta fi jin haushin kanta.

Baba Raphael bai mutu ba. An sallamo shi ya dawo gida, bakinsa ya ɗan ƙara karkacewa, amma likita ya ce yana iya magana. Ƙi ya yi. In Mama ta kawo abinci sai ya juya wa bango fuska. In Oluoma ta durƙusa ta ce, "Dadi, ina kwana," sai ya rufe ido. Mutumin da a da ba ya shan shayi sai ita ta haɗa. Ayobami ya zo sau ɗaya da kwandon lemo, tsohon ya kalle shi kallo guda, bai sake dawowa ba.

Oluoma ta fara ganin abin da ke tafe. Mahaifinta na ramewa a gabanta, kuma zai tafi bai sake kiran sunanta ba. Wannan tsoron ya fi mata rashin Aaron ciwo.

Wata safiya ya yi magana, da bango yake yi ba da su ba.

"A kira mini mai gyara. In ba haka ba a daina dafa abinci da ni."

Mama Josephine da kanta ta kira. Da za ta iya, da ta haɗiye wayar.

Aaron ya shigo a rame, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Tashi, ba gaisuwa na kira ka ba," in ji tsohon. "Ka san inda suke kwance?"

"Na sani, Baba."

"Tsince mini murafana. Za ka kai ni."

Haka suka fara zagayen maƙabarta a tsakiyar damina. Aaron ke ɗaga shi ya sa a keke napep, Oluoma na biye da keken guragu a naɗe. Ba a gayyace ta ba, ba a kuma kore ta ba. A kabarin Daberechi ciyawa ta kai gwiwa. Aaron ya tsugunna yana cirewa da hannu, ita ma ta tsugunna kusa da shi, suna aiki ba mai kallon wani.

"Omata," ya ce ƙasa-ƙasa, "ki yafe mini."

"Ni ce ban faɗa maka ba."

"Da kin faɗa, da har yanzu yana dariya."

"Da har yanzu ina masa ƙarya," in ji ta, hawaye na ɗiga kan ciyawar.

Baba Raphael ya sa aka matso da shi. Ya danna murfi mai tsatsa cikin ƙasa da babban yatsa.

"Kai za ka buɗe, Dabere. Yaron nan ya fi ni gaskiya, a tashi mutane tukuna." Sai ya fashe da kuka, kukan da aka hana shi shekara da shekaru, har masu wucewa suka tsaya.

Wani satin suka je na Eniola, ya bar mata jan murfi. Suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, tire na raguwa. Ify ba shi da kabari a Zariya, sai tsohon ya ce a kai shi tashar da manyan motocin kudu ke lodi. Ya zauna cikin hayaƙi da ihun 'yan kamasho yana kallon hanya. Murfi ɗaya ya rage a hannunsa, na Kubanni Five.

Oluoma ta kasa jurewa. Ta durƙusa cikin caɓi a gaban jama'a ta riƙe ƙafarsa.

"Dadi, ka zage ni. Ka dake ni. Ka dai ce mini wani abu."

Ya dubi saman kanta, ya yi wa Aaron magana.

"Ka turo magabatanka. Ba ni da lokaci mai yawa."

Mama Josephine ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta sauko, don ta ga mijinta ya koma cin abinci kuma ta san a hannun wa yake ci. Mutanen Abarshi suka zo daga ƙauye, da buhun dawa kamar yadda aka yi alkawari. Aka yi komai, aka sa rana. Amma ko ranar da aka sa ranar, Baba Raphael bai dubi 'yarsa ba. Da yamma yakan sa Aaron ya turo shi ɗaki su rufe ƙofa, ta dinga jin jita na tuntuɓe a ciki.

Ana gobe biki ta rubuta wa Aaron: "Injiniya, ina son ka, kuma ina murna. Amma ina tsoron in bar gidan nan babana bai kira sunana ba."

Ya amsa: "Ban san abin da zai yi ba, Omata, ba zan yi miki ƙarya ba. Duk yadda ta kasance ina gefenki."

Aka ɗaura aure a coci da hantsi, aka dawo tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Sama ta haɗa hadari amma ta riƙe. Ana cikin cin abinci tsohon ya ɗaga hannu, aka kunna tsohuwar amfilifaya, aka ɗora masa jita a cinya. Ango ya durƙusa ta hagunsa da kwat ɗinsa, ya kama wuyan jitar yana danna wayoyi, Baba Raphael na kaɗawa da dama.

Kiɗan bai yi daɗi sosai ba, in za a faɗi gaskiya. Suna ɓata suna gyarawa. Amma tsofaffin matan layin da suka san shi tun yana da gashi sun rufe fuska da mayafi, Mama Josephine kuwa ta kifa kai a kafaɗar Mama Liya.

Da ya gama, ya daɗe yana haki. Sai ya ɗago.

"Oluoma."

Ta sauko daga kujera ta durƙusa. Da rarrafe ta ƙarasa, farar rigar na jan ƙasa.

"Kin hana ni yi wa abokaina kuka," ya ce, kalmomin na fita da ƙyar, "don kina tsoron ki yi nawa. Na gane. Na daɗe da ganewa, zuciya ce ta ƙi sauka. Amma ki ji. Ran da na tafi, kada a ɓoye wa kowa. Ki taka da ƙafarki ki faɗa."

"Na yi alkawari, Dadi."

Ya laluba aljihu ya ciro murfin ƙarshe, ya sa a tafinta, ya jawo hannun Aaron ya rufe a kai.

"Duk rayuwata ina cewa ni zan rufe wasa. Ashe buɗewa ce tawa, ga shi na buɗe. Ku za ku rufe, kuma kada ku yi sauri. Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya masu faɗa muku gaskiya. Na yafe miki, 'yata."

Tsakar gida ta ɗauka da amin, Hausawa da Ibo da Yarbawa baki ɗaya.

Baba Raphael bai ga wata daminar ba, kuma Oluoma ta cika alkawari, ita da mijinta suka bi Sabon Gari gida-gida a ƙafa. Amma a ranar bikin ba ta san da wannan ba. Ta dai kwantar da kai a gwiwar mahaifinta, hannunsa mai lafiya a kan gashinta, yana ta kiran sunanta yana maimaitawa. Ta matse murfin har ya yi mata shaida a tafin hannu, ba ta sake shi ba har aka rako ta Samaru.